Ranar da Aka Tambayi Fatar Sa

Laraba ce, bayan sallar isha'i, a makon da aka gama zuba hatsi a rumbu. Wurin kuwa tsakar gidanmu ne da ke bakin garin Dogon Dutsi, ta wajen hanyar Matankari. Waɗanda ke gaban wutar su ne Kaka, mahaifiyar babana, da ni, lokacin ina ajin ƙarshe na firamare, da ƙannena biyu, da Ila, ɗan Baba Tanko, wanda ya girme ni da kaɗan. Shi Baba Tanko, ƙanen mahaifina, yana can gefe kan buzu da rediyo a cinya, amma a kashe take. Shi ke riƙe da gidan tun da babana ya tafi ci-rani Kwatano.

A irin wannan lokaci Kaka ke ba mu tatsuniya. Takan tara karan hatsi ta cinna, ta binne gujiya a toka, ta miƙe ƙafafu har tafinta ya kusa taɓa garwashi. Ba ta ɗaga murya. Wanda ke son ji sai ya matso, kuma kullum muna matsowa. Amma a daren nan abu biyu ne suka riga ta zama a gidan.

Na farko, san da ke jan amalankenmu ya mutu. Ranar Litinin da safe aka tarar da shi kwance a bakin gona, ciki a kumbure, kumfa a baki, ba a ko samu yanka shi ba. Ila ne ke kora shi tun yana maraƙi, shi ke ba shi dusa da kanwa, kuma tun ranar bai ci abincin kirki ba. Ba wanda ya san abin da ya kashe san. A cikin gonar kuwa akwai rugar su Kumbo, Fulanin da ke sauka wurinmu duk shekara bayan girbi, shanunsu su ci kara su bar mana taki. Baba Tanko bai ambaci sunan kowa ba. Sau biyu dai aka ji ya ce, garke guda yana kwana a gonar, ko ɗaya bai yi tari ba sai namu. Duk wanda ke gidan ya san inda maganar ta dosa. In ya fito da ita fili, su Kumbo za su tashi, kuma zaman da ya girmi babana zai ƙare.

Wanda zai fi kowa asara Kaka ce. Ita da Kumbo tun suna amare suka san juna, kuma tun da mu Arawa ne, Ba'are da Bafillace kuwa taubasai ne, ban taɓa jin sun gaisa da mutunci ba. Kumbo takan tsaya a ƙofar gida da ƙwaryar nono a ka ta ɗaga murya:

“Ina baiwata? Ba'ara, fito ki sauke uwar gijiyarki!”

“Ku ɓoye dawo,” Kaka za ta ce mana, “ɓarauniyar kara ta iso. Shigo, mai wuyan zalɓe, Allah shi sa yau ruwan da kinka zuba ma nonon na rijiya na, ba na tabki ba.”

Daga nan sai su zauna kan tabarma ɗaya har rana ta take.

Abu na biyu fim ne na ƙasar Sin, wanda mu a lokacin muke kira fim ɗin Shinuwa. Mamman mai rumfar bidiyo ya sayo shi a Birnin Kebbi, amma injin wutarsa yana wurin gyara, don haka ya sa ranar Asabar za a nuna shi. Kafin nan sai ya riƙa nuna 'yar gajeriyar tallar fim ɗin a wayarsa, yara su taru kansa kamar ƙudaje. Wani alƙalin sarki ne mai bincike, cikin baƙar riga, yana gudu bisa rufin gidaje, yana faɗa da mutum goma da takobi ɗaya. Manyan fada suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya ba ciwo ba rauni. A ƙarshen tallar ana nuna gawa a shimfiɗe, hayaƙin turare na tashi, sai hannun gawar ya ɗago a hankali ya nuna wani wuri. Nan tallar ke yankewa. Duk unguwa ba a maganar komai sai hannun nan. A lakwal, wato makarantar boko, yara na kwantawa kan benci suna ɗago hannu, 'yan mata na ihu.

Kaka ta tona gujiya ta raba mana. Kafin ta buɗe baki Ila ya ce:

“Kaka, Shinuwa sun hi mu. Su in mutum ya mutu tambayatai sukai, shi nuna wanda ya kashe shi.”

“Angona, kai da ko wanka sai an kore ka, kai ka san Shinuwa?”

“Wallahi na gani da idona. Hannun gawa ya tashi.”

Ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana jujjuya kara a cikin wuta. Can ta ce, “Wanga abu ba na Shinuwa ba na. Ubana ya ɗauka a kahwaɗatai.”

Ranar muka fara jin kalmar tarkama. Mu 'yan birni ne, 'yan makarantar allo da lakwal, ba wanda ya taɓa ambata mana ita. Kaka ta ce a garuruwan duwatsu inda aka haife ta, kafin salla ta game ko'ina, in babba mai riƙe da al'adar ƙasa ya mutu, akan ɗaure gawarsa bisa itace, mutum huɗu su ɗauka, a tambaye ta magaji, ita kuma ta ja su har gaban wanda ta zaɓa. Wani lokaci, in mutuwa ta zo da shakka, akan tambaye ta wanda ya sa hannu. Ta faɗi wannan a gajarce, kamar mai tsallake kwata. Sannan ta gyara zama ta ce, “Ga wata tahe, ku ba ta hanya.”

Muka ce, “Ta shigo ta zauna.”

Wani gari ne, in ji ta, a gindin dutse, mai rijiya ɗaya da kasuwa ɗaya. Wata rana wani maharbi ya kwanta lafiya bai tashi ba. Aka ɗaura shi bisa itace, majiya ƙarfi huɗu suka ɗauka, kai a gaba. Tsoho ya tsaya ya kira sunansa sau uku ya ce, in da hannu a mutuwarka, kai mu. Gawa ta yi rawa, ta yi baya, ta yi gaba, ta sheƙa da su har bukkar wata mai sayar da gishiri da ta zo daga kudu. Aka kore ta, gari ya yi barci. Da wata ya kama sai wata mace ta mutu. Aka ɗauka, gawa ta kai su gidan maƙerin da kakansa baƙo ne. Aka kore shi. Haka aka yi ta yi. Baƙi suka ƙare, aka koma kan matan da aka auro daga wasu garuruwa, su ma suka ƙare, aka koma kan masu gona kusa da ta wani. Kasuwa ta mutu, guga ya bushe a bakin rijiya. Daga ƙarshe ba wanda ya rage a garin sai masu ɗauka huɗun nan, kowa yana kwana da ido ɗaya. Sai ɗayansu ya mutu. Ukun suka ɗaura shi, suka ɗaga, kusurwa ɗaya ba kowa, itace ya karkace, gawa ta zame ta zauna a ƙasa.

A nan Kaka ta rage murya har sai da muka sa kawunanmu kusan cikin hayaƙi.

“Sai gawa ta buɗe ido ta dube su. Tac ce, ‘Ni ma na ɗauka tare da ku shekara da shekaru. Yau da ni ag bisa na gane. Nan sama ba a ganin komi, ba a jin komi. Ban da ƙahwa. Ƙahwahun duk naku na.’ Ta koma ta kwanta. Ukun nan sunka dubi juna. Nan na aje ta, wanda ya ɗauka nauyinta nashi na.”

Ƙanwata ta ƙanƙame ni. Wutar ta ja baya, ba wanda ya ƙara mata kara. Ina jin kukan shanun su Kumbo daga gona, kamar kullum, amma daren nan sai na ji kamar sun yi kusa da yawa.

Ila ne ya fara magana.

“Kaka, kai ag gaba kinka ce ko?”

Ta juyo ta dube shi.

“Kuma sau ukku aka kiran suna?”

“Abin da ka ji ke nan cikin duk zancen?”

“Tambaya dai ni kai.”

“Tashi ka kwanta,” in ji ta. Ba ta kira shi ango ba. Na lura Baba Tanko ya ajiye rediyo a ƙasa tun tuni, fuskarsa na wajenmu.

Ranar Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin manya na hutawa, Ila da abokansa suka cire fatar san daga inda aka kafe ta a rana. Suka naɗe ta a tsohuwar tabarma, suka ɗaure bisa ƙyauren garken awaki, wajen wuya a gaba. Yara huɗu suka ɗauka. Ila ya ɗaura baƙin ɗankwalin uwarsa a ka irin na alƙalin fim, ya riƙe kara kamar takobi. Da farko wasa ne, kowa na dariya, har da mata masu daka a maƙwabta. Ya kira sunan san sau uku. A na ukun muryarsa ta karye, don da gaske yake kuka.

Na ga abin da ya biyo baya daga farko har ƙarshe, kuma zan faɗe shi yadda ya faru. Ƙyauren ya yi lilo hagu da dama. Yaran suka yi baya taku kaɗan, suka zagaya, kamar masu neman daidaita nauyi. Sai na gaba suka fara sauri, na baya suka bi don kada ya faɗi, saurin ya zama gudu. Suka bi ta bayan rumbuna, suka tsallake hanyar amalanke, suka shiga gona. Yaran unguwa suka bi su da ihu, mata suka bar turame, wasu maza da ke ƙarƙashin itacen bedi suka tashi suna gyara riga. Ƙyauren bai tsaya ba sai da ya daki shimfiɗar ƙoren Kumbo a ƙofar bukkarta. Ƙore suka watse, ɗaya ta fashe.

Kumbo ta fito tana dariya.

“Arawa sun haukace! Fata kuka kawo mini in yi salka? Ku ce wa baiwata ta biya ni ƙwaryata!”

Ta dubi yaran, suna haki, idanunsu a waje. Ta dubi matan. Ta dubi mazan da suka tsaya daga nesa, ba mai dariya a cikinsu, ba kuma wanda ya tsawata wa yaran. Dariyar ta tsaya a fuskarta ta rasa inda za ta. Ɗanta Sambo yana gefe da sanda a wuya, hannuwa a rataye bisa ita. Ya bi fuskokin da kallo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake duba shanunsa da yamma.

Yaran huɗu sun rantse daga baya cewa jan su aka yi, kuma ban ɗauka ƙarya suke ba. Kowannensu ya ji abin da aka ce a gidanmu game da garken da bai yi tari ba. Limamin unguwa ya sa aka zane su don sun yi aikin arna, aka mayar da ƙyaure wurinsa. Amma kafin magariba maganar ta kai tasha, kuma a bakin masu kai ta ba a cewa yara sun yi wasa. Cewa ake, fata ta tafi ruga.

Kaka ta kira Baba Tanko ɗakinta. Daga waje muna jin ta.

“Tanko, ka tahi ka zage su. Ka ce ma Sambo ɓarawon kara, ka ce mai uwatai ta tsuhwa ta hwara cin bisashen mutane. Ka yi dariya su yi dariya, shi ke nan magana ta mutu.”

“Iya, ni ban ce sun yi komi ba.”

“Shi na abin da ni ka gudu. Ka tahi ka ce wani abu.”

“Sai na ga yadda ta kaya,” in ji shi. Bai je ba.

Ranar Asabar bayan magariba rumfar Mamman ta cika har ta tumbatsa. Mutanen da ba su taɓa shiga gidan bidiyo ba sun zo, har da dattawa, har da Baba Tanko, kuma kowa ya san ba don faɗan takobi suka zo ba. Mu 'yan mata daga bayan zana muke leƙe ta ramukan da aka daɗe da hudawa. Mamman na tsaye gefen talabijin yana fassara da bakinsa, yana ƙara nasa. An yi ihu da alƙalin ya taka ruwa bai nutse ba, an yi dariya da wani mai ƙiba ya faɗa tukunyar rini. Da aka zo wurin gawar kuwa, sai rumfar ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar inji. Hannun ya ɗago. Ya nuna wata baƙuwa mai fatauci da ta zo birnin daga wata ƙasa. Wani daga bencin baya ya ce, “To!” Kalma ɗaya, amma kowa ya gane.

Sai dai fim ɗin bai tsaya nan ba. Dogarai sun kama matar za su tafi da ita, alƙalin ya ce a dakata. Ya zagaya gawar, ya ɗaga fitila, ya wuce da takobinsa ta saman hannun. Hannun ya faɗi. Wani siririn zare ne aka ɗaura a wuyan hannun, ya bi ta azara har bayan labule, inda wani bafade ke riƙe da bakinsa. Daga nan aka shiga faɗa har ƙarshe.

Ni murna ta kama ni. Na ɗauka magana ta ƙare, tun da gari guda ya gani da idonsa. Na tsaya bakin rumfa ina sauraron masu fita. Samari na gardama kan ko mutum zai iya tsalle daga soro zuwa soro. Wasu na cewa Mamman ya cuce su, talla ta fi fim daɗi. Ila ya wuce ni bai dube ni ba. Wani dattijo mai sayar da goro ya ce Shinuwa ba su da iskoki, shi ya sa suke haɗawa da zare. Baba Tanko na sa takalmi, ya ce a hankali:

“Tasu da zare. Tamu wa ya ga zare?”

Na koma gida na ba Kaka labari duka, har da maganar Baba Tanko. Ta hura wuta kamar kullum, amma ba ta binne gujiya ba, ba ta kuma ce wata na tafe ba.

Da safe Kumbo ta zo da ƙwarya a ka. Ta tsaya a ƙofar gida.

“Salamu alaikum.”

Kaka ta fito da sauri har zanenta na kwancewa.

“Baiwa, wa ya koya miki sallama? Shigo, mai warin man shanu!”

“Hajiya, an tashi lafiya? Ya gajiya, ya iyali?”

“Hajiyar uwaki! Ke, ɓarauniya ɗiyar ɓarayi, ni za ki yi ma gaisuwar kasuwa?”

“Lafiya lau, alhamdu lillahi. Mun gode da zama. Allah ya saka da alheri.”

Kaka ta zage ta da duk abin da ta tara a shekarun zamansu. Ta zagi wuyanta, ta zagi shanunta, ta zagi kakanninta da ba su da gari. Tana zagi hannunta na riƙe da gefen zanen Kumbo. Duk zagin da ta yi, Kumbo sai ta ce, “Na gode, Hajiya.” Ta sauke ƙwaryar da kanta, ta ajiye a bakin ƙofa, ta gaida Baba Tanko da ladabi, shi ma ya amsa da ladabi. Ta zare zanenta daga hannun Kaka a hankali ta juya. Kafin azahar gonar ba kowa sai turaku da toka.

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne abin da gawar ta faɗa, cewa ƙafafu na masu ɗauka ne. Gaskiya ne, kuma yana dawo mini duk lokacin da na ji an ce “ana zargin” wani, ba a faɗi masu zargin ba. Amma da na girma sai na ga abin da ya fi wannan nauyi. Sau biyu a mako ɗaya aka nuna wa unguwarmu gaskiyar al'amarin, sau ɗaya a bakin wuta da harshenmu, sau ɗaya a talabijin daga wata duniya. Daga na farko an ɗauki yadda ake ɗaura itace, daga na biyu an ɗauki hannun da ya ɗago. Sauran an bar shi a wurin. Kaka ta ba da labarin ne don ta tare hanya, kuma da shi aka gane hanyar. Ina jin ta san haka tun lokacin da Ila ya tambaye ta ko kai ne a gaba. Ba wanda ya kori su Kumbo, ba wanda ya ɗaga musu murya. Abin da ake bukata kawai shi ne namiji ɗaya daga gidanmu ya taka zuwa gona ya yi zagin da aka saba, kuma ba a samu ba. Har yau ba a san abin da ya kashe san ba. Ila, wanda yanzu yake da 'ya'ya, yana nan kan bakansa cewa ƙyauren ja ya yi.

Su Kumbo sun koma wajen Dogon Kiriya, kuma da girbi ya zagayo a gonar wani suka sauka. Kaka ta ci gaba da ba mu tatsuniya har muka watse, amma ba ta sake ba da wannan ba. Kumbo ta riga Kaka rasuwa. Labarin ya iso gidanmu ta bakin wani mai sayen awaki, bayan an riga an yi sadakar arba'in.